Injin ƙara ƙarfin ruwa a Talladje: a fara da tanki

A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Yamai ke haura digiri 40, akwai gidaje da yawa a Talladje da ba a rufe famfo idan za a kwanta. A buɗe ake barinsa, a tara masa baho ko bokiti, domin duk sa'ar da ruwa ya iso ƙarar zubarsa ta tashi uwargida. Sau tari sai dare ya raba, ko gab da kiran assalatu, sannan yake zuwa, a yi ta cika jarkoki da randuna kafin gari ya waye ya sake ɗaukewa. Da rana kasuwar 'yan ga-ruwa ce ke ci. Wanda ya ratsa lungunan unguwar cikin dare zai ji wani siririn gurnani daga bayan katangu. Ƙananan injunan lantarki ne, waɗanda masu shaguna ke kira surpresseur da Faransanci. Masu gida sun kafa su don ruwa ya hau shato, wato tankin sama, ya fito da ƙarfi a shawa, ya cika tankin masai, ya kai ga 'yan shuke-shuken tsakar gida.

Injin yana da amfani, babu musu. Sai dai da yawa suna sayensa da zaton shi ne zai kawo ruwa, alhali ko ɗigo ɗaya ba ya ƙirƙira. Ruwan da ya tarar shi yake turawa. Wurin da aka ɗora shi kuma shi ke nuna ko zai zama sauƙi ga gida, ko ya zama cuta ga gidan da maƙwabtansa.

Ruwan famfon Yamai daga kogin Isa ake ɗebo shi, a tace a matatun Gudel da Yantala, duka biyun ta yammacin gari. Talladje kuwa tana can gabas, a gunduma ta huɗu, a kan hanyar filin jirgin sama na Diori Hamani. Kafin ruwa ya iso nan sai ya ratsa gari, unguwannin da ke gaba kowace ta ɗebi nata. Ƙidayar 2012 ta sami mutum sama da miliyan 1 a Yamai, kuma tun daga lokacin gari bai daina faɗaɗa ba. Tun gyaran fuskar da aka yi wa harkar ruwa a 2001, kamfanin gwamnati na SPEN ne ke riƙe da matatu da manyan bututai, kamfanin SEEN mai alaƙa da Veolia ta Faransa yana rarrabawa, har zuwa Janairun 2024 da kamfanin NDE ya karɓi aikin. An faɗaɗa matatar Gudel, an ƙara bututai, amma da bazara buƙata kan ninka: wanka sau uku a rana, na'urorin sanyaya ɗaki masu shan ruwa, yayyafa wa tsakar gida. Idan kowa ya buɗe famfo a lokaci guda, na ƙarshen layi ne ke fara ganin ruwa ya koma zare, sannan ya ɗauke.

A nan ne dabarar da ta fi kowace yaɗuwa take shigowa, kuma ita ce mafi muni. Mai gida ya sayo inji, ya sa a haɗa shi kai tsaye da bututun NDE, daf da mitar ruwa, ya riƙa zuƙo abin da ke cikin layi. Ranar farko yakan yi murna, domin ruwan da yake ɗiga ya koma zuba. Amma daga ina ƙarin ya fito? Daga rabon gidan da ke gefensa, da na bayansa. Kwano ɗaya ake ci, wani ya zo da ludayi. Maƙwabcin da famfonsa ya bushe shi ma ya je ya sayo nasa injin, mai ƙarfin da ya fi na farko. Kafin shekara ta zagayo layin ya cika da injuna suna kokawa a kan ruwan da bai ƙaru ba, kowa yana biyan kuɗin wuta, sai kuma gidan bazawara ko na ɗan fansho da ba shi da kuɗin inji, wanda a da yakan sami ɗan abin da zai cika randa, yanzu ko iska ba ta fitowa daga famfonsa.

Ba a nan ɓarnar ta tsaya ba. Bututun ruwan sha an tsara shi ya kasance cike da matsi a kowane lokaci, ta yadda in akwai tsaga, ruwa mai tsabta ne zai tsiyaya waje. Da zarar inji ya zuƙi layin da ba shi da isasshen ruwa, matsin yakan juye, tsagar ta koma baki mai shan abin da ke kewaye da ita. A unguwar da kusan kowane gida ke da ramin masai, ruwan wanka kuma yana kwarara a lungu, ba sai an faɗi abin da ke kewaye da bututu ba, musamman da damina. Ƙazantar da ta shiga ba gidan mai inji kaɗai take zuwa ba, tana bin layi ta shiga randar kowa. Wannan ne ya sa a ƙasashe da dama dokokin kamfanonin ruwa suka hana ɗora inji kai tsaye a kan bututun gari. Shi kansa mai injin yana tafka asara ta wani gefen: idan layi ya bushe, iskar da ke gudu a cikin bututu tana iya juya mitar, injin kuma yana aiki babu ruwa har ya ƙone.

Tsarin da ƙwararrun masu aikin famfo suka yarda da shi ba shi da wuya. Ruwan NDE ya shigo da ƙarfin kansa, komai ƙanƙantarsa, ya zuba a tankin da ke ƙasa, mai bawul ɗin ƙwallo da ke rufe ruwa idan tanki ya cika. Tunda tankin a ƙasa yake, ko ɗigon tsakar dare zai taru a ciki ba tare da kowa ya tashi daga barci ba. Injin daga wannan tankin zai sha. Girman tanki lissafi ne mai sauƙi: gida mai mutum 10, in an ba kowa lita 50 a rana, lita 500 ke nan, tanadin kwana biyu kuma lita 1,000. A tuna cewa lita 1,000 nauyinta tan guda ne. Wanda zai ɗora irin wannan tanki a kan rufin kwano ko kan ƙarafunan da mai walda ya harhaɗa cikin gaggawa, ya dubi inda yara ke wasa tukuna.

Daga tankin ƙasa hanya biyu ce. Ko inji ya tura ruwa zuwa shato a sama, daga can ya gangaro da nauyin kansa, ko kuma ya tura kai tsaye cikin bututun gida duk sa'ar da aka buɗe famfo. A garin da wuta ke zuwa tana ɗaukewa, shato ya fi rufin asiri, domin ruwan da ya riga ya hau sama ba ruwansa da kamfanin wuta na NIGELEC. Rauninsa shi ne ƙarfi. Kowace mita 10 ta tsawo bar 1 kawai take bayarwa, bar kuwa shi ne ma'aunin matsin ruwa. Shaton da ƙasansa ke mita 4 daga ƙasa, kan shawa kuma yana mita 2, tazarar mita 2 ce tsakaninsu, wato kashi ɗaya cikin biyar na bar. Ya isa wanki da cika bokiti, amma shawa za ta riƙa zubowa a kasalance, injin wanki kuma, wanda yawanci yake son rabin bar ko fiye, zai daɗe kafin ya cika ko ya ƙi tashi sam. Gidan da ke son duka biyun yakan bar shato yana ciyar da famfunan tsakar gida, ya sa ƙaramin inji a layin bandaki kaɗai.

A kasuwar Katako, inda ake sayen kayan gini da na famfo, ciniki yakan fara ne da doki. Rabin doki ne ko doki ɗaya? Mai saye yana ganin in doki ya yi yawa ruwa ma zai yi yawa, mai shago kuma ba zai hana shi sayen mai tsada ba. Dokin kuwa ƙarfin motar injin ne kawai, wajen wat 750, bai faɗi abin da injin zai yi a gidan wane ba. Lambobi biyu ne suka fi muhimmanci, kuma suna rubuce a jikin ƙaramin farantin da ke manne da kowane inji: H, wato tsawon da zai iya tura ruwa, da Q, wato lita nawa yake fitarwa a minti ɗaya. Abin da ba a cika gaya wa mai saye ba shi ne lambobin nan biyu ba sa haɗuwa. A ɗauki PKm 60 na kamfanin Pedrollo na Italiya, ɗan injin rabin doki da aka kwaikwaya a ko'ina a duniya. An rubuta masa mita 40 da lita 40. Mita 40 ɗin sai lokacin da kusan babu ruwan da ke fita. Idan yana ba da lita 20 a minti, tsawon ya sauko wajen mita 24. Idan ya kai lita 40, mita 5 kawai ya rage masa. Don haka tambayar da ta kamata a yi wa mai shago ita ce: a tsawon da gidana ke buƙata, lita nawa zai ba ni? Kamfanonin kirki suna buga zanen wannan lissafi a takardar da ke cikin kwali.

Yadda ake gano tsawon da gida ke buƙata ba ya son injiniya. A ce gidan bene ne mai hawa ɗaya, shawar sama tana mita 6 daga inda inji yake. Ana son ruwa ya fito da ƙarfin bar ɗaya da rabi, mita 15 ke nan. A ƙara mita 3 ko 4 saboda abin da bututu da lanƙwasoshi ke cinyewa. Jimla wajen mita 25. Shawa ɗaya tana shan kimanin lita 10 a minti, in ana son famfo biyu su yi aiki tare, lita 20. Ashe ɗan injin rabin doki ya kusa isar wannan gida, gidan ƙasa mai bandaki biyu kuwa ya ishe shi har da ragi. Wanda ya ɗora wa irin wannan gida doki ɗaya da rabi zai ga mahaɗan bututu suna tsiyaya, robar famfo tana lalacewa duk wata, bawul ɗin tankin masai ya ƙi rufewa, takardar wuta kuma ta yi nauyi.

Bututu ma yana da nasa rabon a lissafin, kuma a nan ne ake yawan yin tsumulmula. Idan aka tura lita 20 a minti ta bututun rabin inci mai tsawon mita 20, gogayyar ruwa da bango tana cinye kusan mita 5 ko 6 na ƙarfin injin. A bututun inci ɗaya, asarar ba ta wuce kimanin rabin mita ba. Sau da yawa injin da ake zargi da rauni lafiyarsa ƙalau, siririn bututu ne ya shaƙe shi. Bututun da ke shiga inji musamman bai kamata ya gaza faɗin bakin injin ba, ya zama gajere, ba lanƙwasa da yawa.

Injunan da ake samu iri-iri ne. Ƙaramin nan mai araha, irin PKm 60 da 'yan'uwansa na China masu lamba QB60, yana da fanka ta tagulla da ke juyawa daf da bango, shi ya sa yake ba da matsi mai kyau duk da ƙanƙantarsa, shi ya sa kuma ba ya jure yashi ko kaɗan. Ruwan tanki mai tsabta ne abincinsa. Akwai mai faɗin ciki da ke fitar da ruwa da yawa a tsawo kaɗan, wanda ya dace da cika shato da sauri ko ban-ruwan lambu. Akwai mai dogon hanci da ake kira jet, wanda ya fi iya jawo ruwa daga ƙasa ko da 'yar iska ta shiga layi. Sai na nutsarwa, wanda ake zura shi cikin rijiya ko foraji, wato rijiyar burtsatse.

Wannan na ƙarshen akwai dalilin da ya sa aka ƙera shi, kuma dalilin ya sha jawo gardama tsakanin mai gida da mai aiki. Injin da ke zaune a bakin rijiya ba shi ke ɗago ruwa da ƙarfinsa ba. Yana rage iska a cikin bututu ne, nauyin iskar sararin sama ya danno ruwan sama. Nauyin iskar kuwa iyakarsa ya ɗaga ruwa mita 10 da 'yan kai, a aikace ma mita 7 zuwa 8 ne. Ko inji mai doki goma aka kawo, ba zai zuƙo ruwan da ke mita 12 ba. Rijiyar da ruwanta ke mita 6 da kaka tana iya sauka ta wuce mita 9 da bazara, sai injin da ya yi wata shida yana aiki ya tsaya cak, a yi ta kai shi gyara alhali ba abin da ya same shi. Kafin a sayi inji don rijiya, a auna zurfin ruwan a watan Mayu, lokacin da ya fi kowane lokaci yin ƙasa.

Hausawa sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya, kuma haka injin sama yake: sai an kwance ƙaramin murfin da ke kansa an cika cikinsa da ruwa kafin a kunna shi karon farko. Don kada ruwan ya zurare duk sa'ar da aka kashe, ana sa bawul a ƙasan bututu mai barin ruwa ya hau ya hana shi komawa. Ɗan ƙaramin abu ne mai arha, amma in ya lalace injin zai yi ta juyawa a bushe. Hatimin da ke hana ruwa shiga mota da ruwan yake sanyaya, 'yan mintoci babu ruwa sun isa su ƙone shi. Da yawa daga cikin injunan da ke jibge a shagon masu gyara ba tsufa ne ya kashe su ba, tanki ne ya ƙare ba wanda ya lura.

Maganin wannan na'urori ne ƙanana da ya kamata a lissafa su cikin kuɗin inji tun farko. Makunni mai yawo a kan ruwa, in an sa shi a tankin ƙasa, yana kashe inji idan ruwa ya kusa ƙarewa, wani kuma a shato yana kashewa idan ya cika, a huta da ruwan da ke ambaliya ta kan katanga da asuba. Ga mai tura ruwa kai tsaye cikin gida, akwai akwatin lantarki da ake ɗaurawa a kan inji, yana kunna shi in an buɗe famfo, ya kashe in an rufe, ya kuma tsayar da shi in ruwa ya yanke. Aibinsa shi ne ko kofi ɗaya aka tara sai inji ya tashi, in kuma akwai famfo mai ɗiga, zai kwana yana tashi yana tsayawa. Tsohon tsari na tulun ƙarfe mai iska a ciki, mai lita 24 ko 50, ya fi tausaya wa mota, domin yana ajiye 'yan litoci cikin matsi, wankin hannu da cika buta ba sa tayar da inji. Shi kuma yana son a riƙa duba iskarsa da ma'aunin tayar mota, ta kasance ƙasa kaɗan da matsin da inji ke tashi a kansa, kamar da bar 0.2. Idan aka ji inji yana tashi yana mutuwa duk bayan daƙiƙa kaɗan, galibi iskar ce ta fice ko robar ciki ta fashe.

Sai maganar wuta, wadda mutanen Yamai suka san ta fiye da yadda suke so. Babban kaso na lantarkin birnin daga Najeriya yake zuwa ta layin Birnin Kebbi, kuma kowa na tuna yadda aka yanke shi a watan Agustan 2023 bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, aka dogara da tashar Gorou Banda da sauran na cikin gida har aka ɗage takunkumi a farkon 2024. Ɗaukewar wuta ba ta lalata inji. Raunanniyar wuta ce ke lalata shi: idan ta gaza volt 220 da yawa, motar tana jan wuta fiye da ƙima, ta yi zafi, wayoyin ciki su soye. In an ji inji yana gunji bai juya ba, a kashe nan take. Ko dai wuta ta yi ƙasa, ko kwandansa ta mutu, ko fanka ta cije saboda daɗewa ba a kunna ba, wanda sau da yawa juya sandar motar ta baya da sukundireba yake warwarewa. Mai janareta ko batirin sola ya sani cewa lokacin tashi mota tana jan ninki uku ko fiye na wutar da take ci in tana tafiya. Cin wutar kansa ba shi da yawa. Ɗan injin rabin doki yana cika tankin lita 1,000 cikin kamar minti 40, bai kai rabin kilowat-awa ba. Ga mai faifan sola, dabara ita ce a cika shato da tsakar rana, a bar batir ya huta.

Abu biyu ba a sassauci a kansu. Inji ƙarfe ne da ruwa da lantarki a wuri guda, a tsakar gidan da yara ke yawo ba takalmi, don haka dole a haɗa masa wayar ƙasa da makatsin wuta mai miliamfa 30 da ke yankewa da zarar wuta ta fara zurara. Na biyu inuwa. Yawancin ƙananan injuna an ƙera su ne don yanayin da bai wuce digiri 40 zuwa 45 ba, ranar Yamai kuwa tana kai ƙarfe fiye da haka nesa. A yi masa 'yar rumfa mai shan iska, a ɗaga shi a kan dakali don ruwan damina, kada kuma a kulle shi cikin akwatin da ba ƙofar iska saboda tsoron ɓarayi.

Gidaje da dama sun gaji da jira sun haƙa rijiya ko foraji, kuma hikima ce a bar wa wannan ruwa aikin wanki, share-share, masai da shuka, a rage wa layin gari nauyi. Sharaɗin shi ne a san cewa ruwan aiki ne. Binciken da aka yi a kan rijiyoyin Yamai ya sha nuna yawan sinadarin nitirat da ƙwayoyin cuta masu fitowa daga bayan gida, abin da ba mamaki a garin da mafi yawansa ramuka ne ke karɓar ƙazanta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar nitirat a miligiram 50 cikin lita ɗaya, kuma jarirai ne ya fi yi wa illa, domin yana hana jininsu ɗaukar iskar numfashi yadda ya kamata. Ba a ganinsa, ba a jin ɗanɗanonsa, tafasawa ma ba ta fitar da shi, sai dai ta ƙara tattara shi. Ƙa'idar da ake bi ita ce a bar aƙalla mita 30 tsakanin rijiya da masai, filayen Talladje kuwa kaɗan ne ke da wannan sarari, balle a lissafa da ramin maƙwabci da ke bayan katanga.

Kuskuren da ya kamata kowane mai aikin famfo ya ƙi yi, ko mai gida ya matsa, shi ne haɗa bututun rijiya da na NDE wuri guda da ɗan bawul a tsakani, wai in wannan ya ɗauke a buɗe wancan. Inji yana tura ruwan rijiya da bar 2 ko 3, layin gari kuma a lokacin babu komai a cikinsa. Ranar da aka manta bawul a buɗe, ko ya fara zurara, ruwan rijiyar zai bi ta baya ya fita titi ya shiga gidajen mutane a matsayin ruwan sha. Layi biyu ake yi, kowane da tankinsa da famfonsa, a shafa wa na rijiya jan fenti yadda yaro da baƙo za su gane. Akwai kuma wurin da ake mantawa: alwala. Ruwa yana iya zama mai tsarki a shari'a, launinsa da ƙamshinsa da ɗanɗanonsa ba su canja ba, amma yana ɗauke da ƙwayar cutar da ido ba ya gani, mai alwala kuwa yana kurkure baki yana shaƙa a hanci sau biyar a rana. Buta da kofin goge baki da ruwan wanke salak su fito daga famfon sha. Tankin ruwan aiki shi ma a rufe shi ruf saboda sauro, a zaɓi mai duhu da rana ba ta ratsawa don kada gansakuka ta tsiro, a wanke shi lokaci-lokaci.

Game da suna, Pedrollo da DAB na Italiya, Grundfos na Denmak da Wilo na Jamus sun yi fice, kuma ficen nasu ya sa ake buga sunayen wasunsu a kan kayan jabu. Araha ba ta ado, amma tsada ma ba shaida ba ce. Akwai injunan China masu nagarta da ke ɗauke da sunan kamfaninsu na gaskiya, kuma sun fi jabun da ya ari suna. Masu gyara sukan ɗaga inji su ji nauyinsa, domin wayar jan ƙarfe ta fi ta alminiyom nauyi da jure zafi. Ya kamata mai saye ya nemi a gwada a gabansa, ya karɓi rasit, ya kuma tambaya ko ana samun hatimi da kwandansa da fankar wannan samfuri a kasuwa, tunda su ne ke fara mutuwa.

A gidajen haya masu ɗakuna a jere, waɗanda suke da yawa a Talladje, rigimar inji ba ta cika zama ta ƙarfe ba. Mitar wutar wa za a jona? Wa zai kunna, wa zai kashe, wa zai biya in ya ƙone? Inda abin ya zauna lafiya, mai gida ne ke kafa tankin ƙasa da shato da makunnai masu yawo, ta yadda ba hannun da ke taɓa inji, ya sa masa ƙaramar mitar wuta tasa shi kaɗai, a raba kuɗin a ƙarshen wata bisa yawan mutanen kowane ɗaki, kamar yadda aka saba raba takardar ruwa. Ana kuma barin famfo ɗaya a tsakar gida kafin tanki, kai tsaye daga layin NDE, wanda daga shi ake cika randunan sha.